Cinikin Biri a Sama: Sayen Hannun Jarin Mai Kafin a Haƙa Rijiya

  Ina gaida mutanen cikin birnin Kano, daga Ƙofar Mata zuwa Ƙofar Kabuga, daga gindin Dala zuwa Ƙofar Nassarawa. Ina gaida iyayenmu mata da ke cikin gida, rediyo na gefen tabarma. Ina gaida 'yan kasuwar Kurmi, da na Ƙofar Wambai, da duk wanda muryata ta iske a bakin sana'arsa.

Yau maganar mai za mu yi. Man da ake cewa yana kwance a ƙarƙashin ƙasa, wanda ido bai gani ba tukuna.

Ga abin da ya jawo maganar. A da, sayen hannun jari sai ka nemi dillali, ka cike takardu, ka jira. Yanzu da wayar hannu ake yi. 'Ya'yanmu da ƙannenmu suna saye a kasuwar Legas, wasu har a kasuwannin ƙetare. Cikin abin da ake kwaɗaita musu akwai ƙananan kamfanonin neman mai. Kamfani ne da ba ya sayar da ko ganga ɗaya. Abin da ya mallaka shi ne lasisi, da taswira, da alƙawarin zai haƙa rijiya nan da 'yan watanni. Sai a ce maka ka saya yanzu tun yana da araha, domin ranar da mai ya fito kuɗinka zai ninka sau goma.

To, ku riƙe mini magana ɗaya, domin za mu yi ta dawowa kanta. Kafin a haƙa rijiya, tsammani ake sayar maka. Tsammani kuwa yana da farashinsa. Aikin mai saye shi ne ya san farashin, kada ya biya kuɗin mai a kan tsammani.

Mu fara da tarihinmu na nan Arewa, domin shi ne malamin da ya fi kusa.

Tun a shekarun 1970 aka fara neman mai a yankin Tafkin Chadi, ɓangaren Borno. Kamfanin mai na ƙasa, NNPC, ya haƙa rijiyoyi 23 a can cikin kimanin shekara 20. Biyu daga ciki ne suka nuna alamar iskar gas, ita ma ba ta kai ta kasuwa ba. Ku ji da kyau, jama'a. Rijiya 23, da kuɗin gwamnati, da ƙwararrun ma'aikata, ba a samu ta sayarwa ko ɗaya ba.

A shekarun 1990 manyan kamfanoni uku, Shell da Chevron da Elf, suka shiga yankin Gongola. Kowannensu ya haƙa rijiya ɗaya. Ta Shell, wadda ake kira Kolmani ta farko, ta nuna iskar gas kaɗan. Sauran biyun ba su ba da abin kirki ba. Duk ukun suka tattara kayansu suka tafi. Waɗannan kamfanoni ne da suka san mai kamar yunwar cikinsu.

Sai a watan Fabrairun 2019 aka koma Kolmani, a kan iyakar Bauchi da Gombe, aka fara haƙa rijiya ta biyu. A watan Oktoba na wannan shekarar NNPC ya ba da sanarwar an samu mai. Arewa ta yi murna, kuma murnar tana kan hanya. A watan Nuwamban 2022 marigayi Shugaba Muhammadu Buhari ya je wurin da kansa ya ƙaddamar da aikin, aka ce akwai ganga sama da biliyan 1. Amma har shekara biyu suka wuce bayan bikin ba a fara sayar da ɗanyen man Kolmani ba.

Ban kawo wannan don in kashe wa kowa gwiwa ba. Ina cikin masu fatan Allah Ya fito mana da arzikin da ke ƙasarmu. Ko a Kudu ma haka abin ya faro. Tun 1937 Turawa suke nema, ba su dace ba sai 1956 a Oloibiri, sannan aka fara fitar da shi waje a 1958. Neman mai aiki ne na dogon numfashi. Gwamnati tana iya jiran shekara 20. Kai da ka ɗauko kuɗin adashi, ko jarin shago, wata nawa za ka iya jira?

Yanzu mu juya ga wata tambaya. Me ya sa masana, da duk na'urorinsu, ba sa iya sani kafin su haƙa?

Kowa a cikin birnin nan ya san aikin burtsatse. Mai awo zai zo da na'urarsa, ya zagaya fili, ya ce a nan ruwa yake. A kawo mota, a yi ta haƙa, a ci karo da dutse. Maƙwabcinka ya samu ruwa, kai da katanga ɗaya ta raba ku ba ka samu ba. Kuma kuɗin gas da na leburori ka riga ka biya. Rijiyar mai haka take, sai dai zurfinta ana auna shi da kilomita, kuɗinta kuma da miliyoyin daloli.

Masana ƙasa suna aika girgiza cikin ƙasa, su saurari yadda take dawowa, su zana hoton duwatsun da ke ƙasa. Hoton yana nuna siffar dutse. Ba ya tabbatar da abin da ke cikinsa. Kafin a samu mai a wuri, sai abubuwa biyar sun haɗu. Sai an sami dutsen da ya haifi man tun asali, wanda zafin ƙasa ya dafa shi daidai. Sai man ya sami hanyar tafiya daga can. Sai ya tarar da dutse mai ƙofofi da zai zauna a ciki. Sai ƙasa ta lanƙwasa ta yi masa tarko. Sannan a sami murfi a sama da zai hana shi tsiyayewa. Ɗaya ya ɓace, shi ke nan, ruwan gishiri za a tarar.

A nan lissafi yake ba mutum mamaki. A ce kowane ɗaya cikin biyar ɗin nan, masani ya ce yana da ƙarfin zato, bakwai cikin goma. Ka ji bakwai cikin goma, hankalinka ya kwanta. Amma ana bukatar duka biyar ɗin a lokaci guda. Idan ka haɗa su, abin da zai rage bai kai biyu cikin goma ba. Wato ko rijiyar da masana suke yabo, rashin samu ya fi samu kusa a cikinta. Shi ya sa na ce muku, kafin a haƙa, tsammani ake sayar maka.

To, tunda tsammani ne, yaya ake yi masa kuɗi? Nan ne zuciyar maganarmu ta yau. Ina roƙon ku ɗan ƙara kasa kunne.

Bari in yi misali da ƙananan lambobi, don ya zauna a kai. A ce akwai kamfani mai rijiya ɗaya da zai haƙa. Idan ya dace, hannun jarinsa ɗaya zai kai naira 100. Idan rijiyar ta fito a bushe, abin da zai rage shi ne 'yan kuɗin da ke asusunsa, a ce naira 5. Masana kuma sun ce damar dacewa ɗaya ce cikin biyar. Ka ɗauka sau biyar za a yi wannan ciniki. Sau ɗaya ka samu 100. Sau huɗu ka tashi da biyar-biyar, 20 ke nan. Jimla 120. Ka raba biyar, ya ba ka naira 24. Wannan 24 ita ce kimar tsammanin.

Idan aka sayar maka a naira 15, ka saya da sauƙi, ko da yake har yanzu asara ta fi riba kusa. Idan kuwa ka tarar ana sayarwa a naira 60, to kasuwa tana yi kamar an fi rabin tabbatar da man. Wa ya tabbatar? Injin bai kai ƙasa ba. Zumuɗin mutane ne ya ɗaga farashin. Wanda ya saya a 60, idan an dace ribarsa 40, idan an rasa asararsa 55, kuma rashin ya ninka samun sau huɗu. Babu ɗan kasuwar Kurmi da zai yarda da irin wannan ciniki idan an shimfiɗa masa shi a faifai.

Saboda haka duk wanda ya zo maka da labarin ninki goma, ka yi masa tambaya biyu. Idan ba a samu ba, nawa zai rage? Sannan cikin goma, sau nawa ake samu a irin wannan wuri? Mai talla yakan daɗe a kan ribar. Kai ka tsaya a kan waɗannan biyun.

Akwai kuma wata dabara da ake yi da kalmar ganga. Za ka ji an ce kamfani yana da ganga miliyan kaza. A harkar mai, ganga hawa uku ce. Akwai wadda ake zato, tun ba a haƙa ba. Akwai wadda aka gano, amma ba a san ko fito da ita zai biya kuɗinsa ba. Akwai kuma wadda aka tabbatar, aka shirya yadda za a kai ta kasuwa. Ta ƙarshen ce banki yake ba da bashi a kanta. Ta farkon kuwa a takarda take. Ƙananan kamfanoni da ta farkon suke yawan yin talla, domin ita ce mai babbar lamba. Idan ka ji lambar, ka tambaya: wane hawa?

Ka kuma tambaya, nawa ne kason kamfanin a cikin rijiyar? Sau da yawa kaso kaɗan gare shi. Bayan haka gwamnati tana da nata haƙƙin da harajinta. Abin da zai iso hannun masu hannun jari ya yi nisa da lambar da aka rubuta a saman takarda.

Yanzu mu ɗauka an dace. Mai ya fito. Shin an gama? Mu leƙa maƙwabtanmu, 'yan'uwanmu na Nijar.

A yankin Agadem, gabashin Nijar, akwai mai na gaskiya. Kamfanin CNPC na ƙasar Sin ya haƙo shi, kuma tun 2011 matatar Soraz da ke kusa da Damagaram take tace shi. Wani kamfanin Ingila, Savannah, wanda ake cinikin hannun jarinsa a kasuwar Landan, ya sami lasisi a yankin a 2014. A 2018 ya haƙa rijiyoyi biyar, cikinsu akwai Bushiya da Kunama da Zomo. Duk biyar ɗin an samu mai. Biyar cikin biyar, jama'a. Wannan sa'a ce da ba kasafai ake ganin irinta ba, kuma ta samu ne saboda yanki ne da aka riga aka san yana da mai.

Amma shekara biyar suka shuɗe bayan haka ba a fara sayar da man waɗannan rijiyoyin ba. Me ya sa? Mai yana tsakiyar hamada, teku tana nesa. Sai da aka shimfiɗa bututu na kusan kilomita 2000 zuwa gaɓar teku a Jamhuriyar Benin, kuma sai a 2024 jirgi na farko ya ɗauki man Nijar ta wannan hanya. A tsakani ga juyin mulkin Yulin 2023, ga rufe iyaka, ga takun-saƙa tsakanin Yamai da Kwatano. Mai hannun jari yana zaune yana jira, kuɗinsa a ɗaure.

A nan akwai wani ciwo da mutane ba su cika lura da shi ba. Kamfanin da ba ya sayar da komai, da me yake biyan albashi? Da me zai haƙa rijiya ta gaba? Sai ya ƙirƙiro sababbin hannayen jari ya sayar. Kai da kake da kaso ɗaya cikin ɗari, ka wayi gari kasonka ya koma ɗaya cikin ɗari biyu. Ba wanda ya taɓa takardarka, amma rabonka ya ragu. Don haka ka duba asusun kamfani tun kafin ka saya. Kuɗin haƙar yana hannu, ko sai an nemo? Akwai babban kamfani da ya yarda ya shigo ya ɗauki wani ɓangare na nauyin? Idan manyan da suke da masana sun duba wurin sun zuba kuɗinsu, wannan alama ce mai kyau. Idan duk sun duba sun wuce, ka tambayi kanka abin da suka gani.

Kada mu manta da tsaro. A watan Yulin 2017 'yan Boko Haram suka yi wa ayarin masu binciken mai kwanton ɓauna a yankin Magumeri ta jihar Borno. An rasa rayuka da dama, har da ma'aikatan Jami'ar Maiduguri. Allah Ya jiƙansu. Aikin ya tsaya, sai a 2023 aka koma haƙa a Borno. Babu na'urar awon ƙasa da take hango irin wannan.

Mu juya ga wani ɓangaren, wato labari da yadda yake wasa da farashi.

Akwai wani kamfani mai suna Lekoil, na 'yan Najeriya, wanda shi ma a Landan ake cinikinsa a lokacin. Yana da kaso a filin Ogo, a cikin teku daura da Legas, inda aka gano mai a 2013. Abin da ya rasa shi ne kuɗin ci gaba da aiki. A farkon Janairun 2020 ya ba da sanarwar ya sami rancen dala miliyan 184 daga hukumar zuba jari ta ƙasar Katar. Nan take farashin hannun jarinsa ya yi tsalle. Ba a yi mako biyu ba aka dakatar da cinikinsa. Ashe hukumar Katar ba ta san da maganar ba. 'Yan damfara ne suka yi shigar wakilanta, suka yaudari kamfanin, har ya biya kusan dala dubu 600 kuɗin dillanci da na lauyoyi. Da aka koma ciniki, farashin ya zube da fiye da rabi a yini ɗaya.

Ku duba fa. Wannan a Landan ne, inda ake da dokoki da masu sa ido. Kamfani ne mai lauyoyi da akantoci. To ina ga saƙon da aka turo maka ta WhatsApp, ba ka san wanda ya rubuta shi ba?

Kuma ku sani, a irin waɗannan kamfanoni farashi yakan hau a daidai lokacin da injin yake haƙa. Kowa yana ɗoki. Waɗanda suka saya tun da wuri sukan sayar da wani ɓangare a lokacin, su mayar da uwar kuɗinsu aljihu, su bar ragowar ta jira sakamako. Wa suke sayar wa? Wanda labari ya iso masa a makare. Mu da ke nesa da inda ake yanke shawara, galibi mu ne na ƙarshen ji. Idan labari ya kai majalisar ƙofar gida, ya daɗe da tsufa a wurin masu shi.

Wani zai ce, Malam, ai kasuwanci dama kasada ne. Gaskiya ne. Kano da kasada ta ginu. Kakanninmu fatake sun yi ta ɗaukar kaya zuwa Gwanja su dawo da goro, tafiyar watanni, ga 'yan fashi ga koguna. Ko harkar mai ba baƙuwa ba ce a garin nan. Marigayi Alhaji Aminu Dantata ya kafa kamfanin Express Petroleum, ya shiga harkar haƙo mai. Amma fatake sun san hanya, sun san madugu, sun san farashin goro a can da farashinsa a nan. Kuma mai hankali a cikinsu ba ya ɗora dukiyarsa kaf a kan ayari ɗaya. Ni a ganina, kasadar da Bakano ya gada kasada ce da lissafi.

Mun kuma ɗanɗana wadda babu lissafi. Iyayenmu da yayyenmu za su tuna shekarun 2005 zuwa 2007, lokacin da bankuna suke neman cika jarin naira biliyan 25, da abin da ya biyo baya. Hannun jari ya zama hirar kowa. Wasu suka ci bashin banki suka saya. A 2008 kasuwa ta faɗi, bashi ya rage a wuya. Bankunan nan kuwa suna da gine-gine, da rassa, da abokan hulɗa. Ƙaramin kamfanin neman mai rami ɗaya yake jira.

Sai maganar addini, domin na san tana ran da yawa daga cikinku. Malamai da dama sun halatta sayen hannun jari a kamfanin da sana'arsa halal ce, bisa sharuɗɗa, cikinsu har da duba yawan bashin ruwa da ke kansa. A kasuwar Legas ma tun 2012 akwai jerin kamfanonin da aka tantace bisa ma'aunin shari'a. Haɗa jari a nemi arzikin ƙasa, a raba riba a raba asara, abu ne da aka sani. Amma malamanmu sun daɗe suna jan kunne a kan garari, wato cinikin da jahilci ya lulluɓe shi. Hausawa kuma suka ce ba a cinikin biri a sama. Mutumin da bai san kamfani ba, bai san inda rijiyar take ba, bai karanta ko shafi ɗaya ba, ya zuba kuɗi don a ninka masa ranar Litinin, ya kamata ya zauna da malaminsa ya faɗa masa gaskiyar niyyarsa, ya ji hukunci.

To, ina ba da shawarar a guje wa abin baki ɗaya ne? A'a. Wanda yake da rarar da ko ta salwanta tukunyar gidansa ba za ta sauka ba, kuma ya iya karanta rahoton kamfani, yana iya sa ɗan kaɗan. Kaɗan nake nufi. Ya sa da sanin cewa rasawa ta fi kusa. Amma kuɗin makarantar yara, da kuɗin kayan ɗakin 'ya, da guzurin aikin Hajji, da dukiyar marayu da aka ba ka amana, waɗannan ba su da wuri a bakin rijiyar da ba a haƙa ba. Wanda kuma yake sha'awar harkar mai don kanta, akwai kamfanoni a kasuwar Legas, irin su Seplat da Aradel, da suke haƙowa suna sayarwa, suna fitar da rahoton kuɗinsu kowa ya gani. Su ma farashinsu yana hawa yana sauka. Amma akwai abin aunawa a hannu.

Abu na ƙarshe, kuma ina so iyayenmu mata su ji shi sosai. Lasisin yankin Kolmani yana hannun kamfanin NNDC, mallakar jihohin Arewa 19, tare da NNPC da abokan aikinsu. Duk wanda ya shigo zaure ko tsakar gida da fom, ya ce yana sayar da kason rijiyar Kolmani, ko ta Borno, kada ku ba shi ko sisi sai kun bincika. Hukumar SEC, mai kula da harkar hannun jari, tana da ofishi a nan Kano, kuma tana da jerin dillalan da ta yi wa rajista. Ku aiki ɗa ko ƙane ya duba sunan. Idan mai tallan ya ce sauri ake yi, gobe za a rufe, ku ce masa Allah Ya ba da sa'a, ku bar shi ya tafi.

'Yan'uwana matasa masu waya a hannu, ku ma ga nawa roƙon. Kafin ka danna saye, ka ɗauki biro ka yi lissafin nan da muka yi ɗazu. Nawa idan an samu, nawa idan an rasa, sau nawa cikin goma. Ka rubuta amsar, ka ajiye ta kusa da farashin da ake nema a wurinka. Sannan ka nuna wa wani babba da ya daɗe a kasuwa, ko da bai taɓa jin sunan kamfanin ba.

Masu sauraro, a nan za mu dakata. Allah Ya sa albarka a neman kowa, Ya tsare mana guminmu.